Yadda Mai Hoto Ya Ƙera Injiniya

Mai Hoto yana da wata cuta da duk mutanen layinsu suka sani, cutar kuwa ita ce duk wanda ya taɓa zama gaban kyamararsa ya zama amininsa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago mai kallon ƙofar sakatariya, tsakanin shagon tela da na mai aski, saboda haka a lissafinsa babu wani babba a garin da bai taɓa kama wa haɓa ya ce masa ya ɗago kai kaɗan ba. Idan aka ambaci wani darakta a rediyo sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce ai mutuminsa ne, har ya faɗi gefen fuskarsa da ya fi kyau a hoto. Tela da mai aski sun daɗe da daina yi masa musu, don sun lura musun ƙara masa ƙarfi yake yi.

Ana nan sai 'yar ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Auta, ta samu gurbin karatu a jami'ar garin. Uwarta tana can wani gari mai nisa, mijinta ya rasu, ta kuma kafa sharaɗi guda: in yarinya ba ta samu ɗaki kusa da makaranta ba, ta tattaro kayanta ta dawo gida. Gidan Mai Hoto ba zai yiwu ba, ciki da falo ne da yara biyar, ga shi can ƙarshen gari, sai mutum ya hau mota biyu kafin ya hango ƙofar jami'a. Auta ta yi ta yawo har ta samu gado ɗaya da ya rage a wani gidan hayar ɗalibai mata, a hawa na uku. Ranar Litinin manajar gidan ta ba ta fom, ta ce ta kawo wanda zai tsaya mata, wato wanda za a kama idan haya ta gagara ko aka yi ɓarna. Sai ya zo da kansa da hotonsa ya sa hannu, wa'adi kuma ranar Alhamis ne ƙarfe sha biyu na rana. In ya wuce, gadon ya zama na yarinyar da ke biye da ita a layi.

Auta ta kawo fom ɗin shago fuskarta duk damuwa. Mai Hoto ya karɓa, ya karanta layin farko inda aka ce ana son mutum mai mutunci, ya yi dariyar da ta sa tela ya tsayar da keke.

"Wannan ɗan abin ne ya hana ki cin abinci?" in ji shi.

Ta ce akwai bayani a bayan takardar da ya kamata ya duba. Ya ce bayan takarda an yi shi ne don waɗanda ba su san mutane ba, ya ninke fom ɗin huɗu ya zura a aljihu. Nan take ya kira ƙanwarsa, ya saki muryar wayar yadda har mai aski da wanda yake yi wa gyaran fuska za su ji, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, shi damuwarsa ɗaya ce, wa zai zaɓa cikin manyan garin nan ba tare da sauran sun ji haushi ba. Ta yi ta sa masa albarka tana cewa Allah ya bar mata Yaya. Mai aski ya tambaya ko a fara share ƙofar shago don motocin da za su zo, Mai Hoto ya ce ba laifi a share.

Talata da sassafe ya sa rigarsa mai guga, ya zaro wani tsohon hoton Daraktan Ma'aikata daga durowa, ya wanke shi babba ya sa a firam, ya tsallaka titi zuwa sakatariya. Masinja ya tambaye shi ko yana da alƙawari, ya ce tsakaninsa da Darakta an wuce maganar alƙawari. A gaban sakatare ma bai yi shiru ba. Ya cika wa mutanen da ke zaune a benci kunne da labarin yadda Darakta ba ya yarda kowa ya taɓa masa gemu sai shi, da yadda yake kiransa da sunan wasa. Sakataren ya dubi firam, ya dubi Mai Hoto, ya ci gaba da buga takardarsa. Can sai ƙofar ofis ta buɗe, wata mace mai tabarau ta fito da fayil a hannu, kowa ya miƙe tsaye. Mai Hoto ya raɗa wa masinja ko wace ce, masinja ya amsa da ƙarfi cewa Darakta ke nan, shekararta shida a kujerar, mai gemun kuma tun tuni aka yi masa canjin wurin aiki. Wani dattijo a benci ya tambaya ko ita ma shi ke gyara mata gemun. Mai Hoto ya rungume firam ɗinsa ya bi ta matakalar baya.

Bai koma shago ba, don ya hango tela a ƙofa yana miƙa wuya. Ya zarce wani banki inda ya tabbata manajan ya san shi. Ya kuwa san shi, nan ne ma matsalar take. Yana shiga mutumin ya ajiye biro ya ce ashe yana raye. Shekara huɗu da suka wuce ya ɗauke shi aikin hoton ranar da 'yarsa ta gama makaranta, hotuna suka fito kowa an yanke masa rabin kai, daga nan Mai Hoto ya daina ɗaga waya. Manajan ya buɗe durowa ya fiddo ɗaya, ashe ajiye yake da shi, ya ɗaga wa ma'aikatansa su ga mutumin da ya mayar da iyalinsa kafaɗu zalla. Mai Hoto ya ce laifin fim ne na wancan zamani. Har maigadi ya raka shi bakin ƙofa bai samu ya fito da fom ɗin daga aljihu ba.

Da yamma ya dawo layi ƙafafunsa duk ƙura. Mai aski ya ce sun share ƙofa sau biyu, har yanzu ba su ga motoci ba. Mai Hoto ya ce manya ba sa aiki da gaggawa, Darakta na can yana nazarin takardar. Tela ya nuna kusurwar fom ɗin da ta leƙo daga aljihunsa, ya tambaya ko daga nesa Daraktan yake nazarin. Mai Hoto ya ce wannan kwafi ne, ya shige shago ya ja labule.

Laraba ya tuna da mutum ɗaya da ya san shi sani na gaskiya, tsohon hedimastansu na firamare, wanda ya yi ritaya tun Mai Hoto bai yi aure ba. Tsohon ya karɓe shi hannu biyu, ya zaunar da shi, ya ba shi labarin ciwon gwiwarsa tun daga farkonsa, ya kuma tuna masa a gaban jikoki cewa sau biyu ya maimaita aji huɗu. Awa uku ana haka. Da Mai Hoto ya samu ya miƙa fom, tsohon ya ɗora tabarau, ya sa aka kawo masa jan biro. Mai Hoto ya gyara zama yana murmushi. Sai ya ga biro ya fara daga sama, yana ja wa wannan layi, yana soke wancan, yana zagaye wuraren da ya ce wanda ya tsara takardar bai yi karatun kirki ba. A ƙasa ya rubuta cewa aikin ganganci ne a sake, sannan ya sa hannu a ƙarƙashin hukuncin nasa ya buga kwanan wata. Sa hannu dai an samu, amma fom ya tashi daga aiki.

Dole Auta ta koma wajen manaja ta roƙi wani fom ɗin, aka ba ta tare da gargaɗin cewa shi ne na ƙarshe. Wannan karon ba ta yi wa kawunta magana kai tsaye ba, ta bi ta wajen matarsa. Matar ta same shi yana wanke ƙafa ta ce masa yarinyar nan fa ta karanta takardar, ta ce shi ma yana iya sa hannu a gama. Mai Hoto ya ji maganar kamar an mare shi. Ya riga ya faɗa wa layi guda da ƙanwarsa cewa babban mutum ne zai tsaya, yanzu a ce shi ne babban mutumin? Ya ce mata tausayinsa suke ji ke nan, sun yanke ƙauna da mutanensa. Abin da bai faɗa mata ba shi ne tsoro yake ji. A ransa bai yarda akwai manajar da za ta dubi mai hoton fasfo ta ce ya isa ya tsaya wa wani ba, kuma ya gwammace komai da a faɗa masa haka a gaban Auta.

Yana zaune a ƙofar shago yana wannan saƙe-saƙe sai idonsa ya faɗa kan Mai Faci, wanda ke da rumfar facin taya a kusurwar layi. Mutum ne mai tumbi da furfura a gefen kai, ba shi da yawan magana, yana tafiya a hankali kamar wanda ake jira. Mai Hoto ya dube shi da idon sana'a, ya ga fuskar manya ce Allah ya ba shi, kaya kawai ya rasa. Kaya kuwa akwai su a shago. Kamar kowane shagon hoto yana da kwat da taye da ake ɗora wa masu neman aiki kafin a ɗauke su, kwat mai ruwan ƙasa da wata 'yar ƙunar dutsen guga a kafaɗar hagu. An tsaga bayansa tun daga wuya har ƙasa don ya shiga siriri ya shiga ƙato, tunda kyamara gaba kawai take gani.

Mai Faci ya ce shi ba ya son abin da zai kai shi gaban hukuma. Mai Hoto ya ce babu ƙarya a ciki, shi ba da tayoyi yake aiki ba? To injiniya ne a harkar tayoyi. Ya kawo masa maganar marainiya da karatunta har mutumin ya yi shiru, shirun da Mai Hoto ya ɗauka a matsayin amincewa. Aka zaunar da shi kan kujera, aka ɗora kwat, aka ɗaura taye, aka ƙara da tabarau marar gilashi, aka ɗauki hoto. Hoton ya yi kyau ƙwarai, har tela ya ce da zai gamu da wannan mutumin a hanya rusunawa zai yi. Aka ba Injiniya dokoki uku. Kada ya fito da hannuwansa daga aljihu sai lokacin sa hannu, don baƙin man da ke faratansa ya fi ƙarfin sabulu. Duk abin da aka tambaye shi ya ce babu damuwa. Na uku kuma, wanda ya fi kowanne, kada ya kuskura ya juya wa kowa baya. Tela ya ba da aron fil goma sha biyu aka haɗe tsagar, amma tumbin ya hana ta rufuwa, ta bar fili mai faɗin tafin hannu biyu.

Alhamis ƙarfe sha ɗaya suka iso a keke mai ƙafa uku, Mai Hoto ya sa aka sauke su nesa don kada a ga motar Injiniya. Tela da mai aski sun rufe shago sun biyo su, wai su ma suna da ɗan uzuri a unguwar. Auta na jira a bakin ƙofar gidan da akwatinta da katifa a naɗe. Da ta ga wanda ke tafe sai ta dafe ƙirji.

"Kawu, wannan ba Baba Mai Faci ba ne?"

"Injiniya ne daga yanzu zuwa sha biyu. Gaishe shi."

Ofishin manaja cike yake da iyaye da ɗalibai, cikinsu har da yarinyar da ke biye da Auta a layi da mahaifinta, suna zaune suna duban agogon bango. Injiniya ya shiga a karkace, bayansa manne da bango, ya bi shi a hankali har ya kai teburin. Wata uwa ta matsa masa kujera, ya ce babu damuwa ya ci gaba da tsayuwa. Mai Hoto ya gabatar da shi da murya mai ƙarfi, ya ƙara masa muƙamin da ba su yi shawara a kai ba, ya ce shi ke kula da duk tayoyin yankin. Manajar mace ce mai sanyin magana da ba ta ɗaga ido sai da dalili. Ta tambayi sunan kamfanin, Injiniya ya ce babu damuwa. Ta tambayi shekarunsa nawa a wurin, ya ce babu damuwa. Mai Hoto ya yi maza ya ce halin manya ne, ba sa son yawan bayani.

Manajar ta ɗauki hoton ta daɗe tana dubansa, ta dubi kafaɗar hagun mutumin da ke gabanta. Sai ta jawo durowa ta fara fiddo fayiloli tana buɗewa tana jerawa a kan tebur. Kowanne da hoton wanda ya tsaya wa wata ɗaliba, wani siriri wani mai ƙiba, wani yaro wani tsoho, amma duk cikin kwat mai ruwan ƙasa da ƙuna a kafaɗar hagu.

"Wannan kwat ɗin ya tsaya wa ɗalibai goma sha ɗaya a gidan nan," in ji ta. "Yau ne dai na fara ganinsa ya zo da ƙafarsa."

Mutane suka taso suna leƙen tebur. Mai Hoto ya yi ta maza ya ce yayi ne, manya duk wuri ɗaya suke ɗinki. Wataƙila da an tsaya nan da ya samu abin ƙarawa. Sai dai a daidai lokacin wani mai babur ya shigo harabar gidan da tayar baya a kwance, tana wani ƙara da kunnen Mai Faci ba zai iya ji ya ƙyale ba. Shekara goma sha takwas na sana'a suka rinjayi dokokin kwana ɗaya. Ya zaro hannuwa biyu daga aljihu, ya juya gaba ɗaya zuwa taga ya ce wa mai babur ya sauka ya tura, zai cinye tub. Fil suka fara tsalle ɗaya bayan ɗaya. Kwat ya buɗe gida biyu, ofis guda ya ga singileti mai tabon baƙin mai da tsumman goge hannu a soke a ƙugu.

Dariyar da aka yi har ɗaliban hawa na biyu sai da suka leƙo. Mai aski, wanda ke tsaye a taga, ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Manajar ta ce dama tun shigowarsa take ta tunanin inda ta san fuskar, ashe shi ne ya yi mata facin tayar gaba ranar Asabar. Mai Faci ya ce shi ne, ya kuma tambaya ko tayar ta sake saki.

Ta juya fom ɗin ta karanta bayansa a fili. Duk wanda ke da tsayayyen wurin sana'a a garin na shekara biyar, da katin ƙungiyar sana'arsa, ya isa ya tsaya wa ɗaliba. Ba a ambaci darakta ba, ba a ambaci injiniya ba. Mai Hoto ya matso da murya ƙasa-ƙasa ya ce ai shi shekararsa ashirin da biyu a shago ɗaya, katinsa ma na aljihu.

"Da ranar Litinin ka zo da na karɓa da hannu biyu," in ji ta. "Amma wanda ya kawo mini injiniya da fil a baya ba zan karɓi sa hannunsa ba."

Agogo ya nuna sha biyu saura kwata. Mahaifin ɗaya yarinyar ya gyara zama ya fara laluben biro. Auta ba ta yi kuka da sauti ba, ta dai sunkuya ta kama hannun akwatinta, hawaye na ɗiga a kan murfinsa. Mai Hoto ya dube ta, ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. 

Mai Faci ya zare abin da ya rage na kwat ɗin ya rataye a kujera, ya cire taye da tabarau, ya laluba aljihun wandonsa ya fiddo katin ƙungiyar masu faci, duk ya yi laushi da mai. Ya ce shi tun farko ƙaryar ce ba ya so, amma in mai faci ya isa, to ga shi, rumfarsa ba ta tashi, ita manajar ma shaida ce. Manajar ta duba katin ta miƙa masa biro, ya sa hannu. Ta ce hoton kwat ba zai shiga fayil ɗinta ba, ta ɗaga wayarta ta ɗauke shi yadda yake, a gaban mutumin da ya yi shekara ashirin da biyu yana ɗaukar hoto, ba ta ko ce ya ɗago kai ba. Mai Hoto ya ga hasken taga na bayan mutumin, hoton zai yi duhu, ya buɗe baki ya sake rufewa.

Saura layi ɗaya a fom ɗin. Manajar ta tambayi Auta wa za a kira idan ciwo ya kama ta ko wani abu ya same ta. Auta ta share ido ta ce a rubuta kawunta. Manajar ta tsayar da biro ta nuna shi da haɓa, ta tambaya ko wannan take nufi.

"Shi," in ji Auta. "Kwana uku yana yawo a ƙafa ana korarsa saboda ni. Zai ce miki ya taho da likitoci uku, kada ki yarda. Amma shi zai zo."

Manajar ta rubuta, ta ciro makulli ta ba ta. Tela ya durƙusa yana tsince fil ɗinsa a ƙasan tebur, Mai Faci ya fita wajen mai babur. Mai Hoto ya sunkuya ya ɗora katifar Auta a ka. Ya hau bene har hawa na uku, ya wuce iyaye da ɗalibai a kowace matakala, bai ce wa kowa ya san kowa ba.